Babban Murhu da Ɗarin Araba

Bahaushe bai haɗa sanyi da ɗari a kalma ɗaya ba, kuma yana da dalili. Sanyi shi ne na damina, mai laima, wanda ke bin ƙasa da tabarma ya shiga gaɓoɓi. Ɗari kuwa busasshe ne, na hunturu, mai tsaga leɓe da dunduniya, mai sa fata ta yi furu-furu ko da an shafa mata man shanu. In iska ta haɗu da shi har ta riƙa kaɗa ƙyauren ɗaki, sai a ce jaura ta sauko. Wanda ya san ƙasar Sakkwato a watan Afrilu kaɗai, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, zai yi dariya in aka ce masa akwai gidan da zancen ɗumama ɗaki ya hana barci. Amma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ma'aunin nan yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, a gidajen da aka gina domin gudun zafi, a kan mutanen da yawancin tufafinsu na zafi ne. Baturen da ya saba da ƙanƙara ba zai kira wannan sanyi ba. Tsohuwa mai shekara 80 da tari a ƙirji tana da nata ra'ayin.

Araba tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, cikin Ƙaramar Hukumar Illela, sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato. Birnin Ƙwanni na tsallake, tafiyar da ɗan kabu-kabu ke yi kafin shayi ya huce. Ingila da Faransa ne suka shata iyakar a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, ta ratsa gonaki da dangi, amma iskar hunturu da ke gangarowa daga hamada ba ta taɓa tsayawa an duba mata takarda ba. Ƙasa ce ta rairayi da fako, wadda farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka yi wa aski. Abin da mata ke samu a bayan gari bai wuce kiraren sabara da geza da kalgo ba, sai kara da kandilo. Itace mai kauri da gawayi kuwa a mota ake kawo su daga dazuzzukan kudu, a sayar da su da tsadar abin da ya sha hanya. Da aka janye tallafin kananzir a 2016, aka kuma janye na fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na gas suka tashi, gidaje da yawa da suka fara sabawa da risho da tukunyar gas suka komo wa murhu ala tilas.

A garin nan akwai wani magidanci, mai fataucin albasa da hatsi tsakanin kasuwar Illela da ƙasar Ƙwanni da Galmi. Matansa biyu, 'ya'yansa goma sha ɗaya, mahaifiyarsa kuma tana ɗakin da ke kusa da zaure. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da ya sauke farali take ce masa Alhaji, kafin nan kuwa "kai" ne kawai. Shekarar da kasuwa ta yi masa kyau, dab da rufe iyaka na watan Agusta 2019, ya yi abin da duk ɗa nagari ke mafarkin yi. Ya rushe tsohuwar shigifar uwarsa mai kaurin bango da rufin azara, ya gina mata ɗakin bulo da siminti, ya rufa kwano, ya sa taga mai gilashi. Tsohon gadonta na ƙasa aka fasa shi da diga, aka kawo gadon ƙarfe da katifa. Mutane suka zo ganin ɗaki, suka sa masa albarka, ita ma ta sa.

Sai da hunturu ya shigo ta faɗi abin da ke ranta, shi ma a taƙaice. Ya shiga gaishe ta bayan sallar asuba, ya tarar da ita a duƙunƙune cikin bargo biyu, ta ce, "Alhaji, wanga ɗaki yana da kyawo, Allah shi yi maka albarka. Sai dai da rana tanda, da dare randa."

Tsohuwar ta faɗi a jimla ɗaya abin da malaman gine-gine ke cika shafi da shi. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya riƙe, sa'an nan ya riƙa sakinsa cikin dare, ta yadda ɗaki ba ya yin zafin waje da tsakar rana, ba ya kuma yin sanyin waje da asuba. Kwano ba shi da wannan haƙuri. Abin da ya karɓa nan take yake bayarwa, da rana ya gasa na ciki, da dare ya miƙa wa sararin sama ɗan ɗumin da ke ɗakin. Bulon siminti mai rami a ciki bai fi shi da yawa ba. Watau dai Alhaji ya sayi ɗakin da damina ba ta ci, ya biya da ɗumin hunturu, bai kuwa san da wannan ciniki ba sai da aka gama shi.

Hunturu huɗu ana fama da kaskon wuta. Bayan sallar isha jika zai ɗebo garwashi daga madafa ya kai mata, ta kara hannu, ta kwanta. Kafin tsakar dare wuta ta zama toka, ragowar daren kuwa ita da tari. Ƙaramin kasko ba ya kai asuba, wannan kowa ya gani, don haka hankali ya nuna a nemi babba. A watan Disamba na 2023, iyaka tana rufe tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, kasuwa ta yi sanyi, amma duk da haka Alhaji ya ƙudura ranar Lahadi zai shiga kasuwar Illela ya sa maƙeri ya yi masa kurfoti mafi girma, wanda zai ci rabin kwanon gawayi a zubi ɗaya, a rufe ƙofa da taga, tsohuwa ta kwana cikin ɗumi.

Babban ɗansa, ɗalibin kimiyya a jami'a da ya zo hutu, shi ya tare shi. Ya ce, "Baba, in aka yi haka, ina tsoron kada a wayi gari babu Inna." Maganar ta yi nauyi a bakin yaro, har uban ya ɓata rai, amma ya saurara, domin abin da ya faru a bayan tasha shekara biyu da suka wuce bai fita daga ransa ba. Wasu 'yan dako biyu ne suka shige shago da kurfoti a daren jaura, suka toshe ƙasan ƙofa da buhu. Da safe aka fasa, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan ya farfaɗo da ciwon kai da amai, bai san abin da ya same shi ba. A lokacin wasu sun ce aljannu ne, wasu sun ce abinci.

Gawayi yana da wata yaudara da itace ba shi da ita. Itace in yana ci yana hayaƙi, hayaƙi ya shiga ido ya sa tari, mutum ya tashi ya buɗe ƙofa ko ba ya so. Gawayi ba ya gargaɗi. In yana ci a rufaffen ɗaki, iska ta yi masa kaɗan, sai ya riƙa fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Wanda ta shiga ba ya jin shaƙewa, kasala yake ji da barci mai daɗi. Tsoffin ɗakunan kara da na azara suna numfashi ta ko'ina, shi ya sa kakanni suka kwana da wuta shekara da shekaru suka tashi da baƙin rufi da jajayen idanu kawai. Ɗakin siminti mai taga da gilashi ba ya numfashi. Ƙaramin kaskon nan da ake yi wa ƙorafin mutuwa kafin tsakar dare, mai yiwuwa mutuwarsa ce ta raya tsohuwa hunturu huɗu.

Daren nan yaron ya nuna wa uban wani hoto mai motsi a waya, don dai ya ga yadda waɗanda sanyi ya zame wa abokin zama suka yi da nasu. Murhu ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Abincinsa dusar katako ce da aka matse ta zama 'yan ƙwayoyi kamar kashin awaki, ana sayar da ita a buhu mai kilo 15. Ana zuba ta a wani rumbu a saman murhun, wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin markaɗe ya riƙa sako ta kaɗan-kaɗan cikin wuta, hayaƙi ya bi bututunsa ya fita waje, fanka kuma ta hura iska mai ɗumi ta wasu bututun dabam zuwa ɗaki biyu ko uku. A jihar Washinton ta Amurka wani injiniya mai suna Jerry Whitfield ya fito da irinsa na gida a farkon shekarun 1980, yau kuwa Italiya na cikin ƙasashen da ke kan gaba a Turai wajen amfani da shi.

Alhaji ya sa aka maimaita hoton sau uku. Abin da ya kama hankalinsa bututun nan ne. Mai mata biyu ya san cewa babu abin da ke shiga gida ya tsaya a ɗaki ɗaya. In ya ɗumama ɗakin uwarsa ba mai cewa uffan, amma ɗakin uwargida akwai yara shida, na amarya akwai biyar da ciki wata bakwai, kuma adalcin da aka ɗora masa bai tsaya ga kwana da tufafi ba a idon matan, ko da ya tsaya a littafi. Ga wuta ɗaya, mai gida ke riƙe da mabuɗinta, kowane ɗaki na samun rabonsa daidai wa daida. Ya ce, "To, in za a saya, ai babba za a saya, wanda zai ishi gidan duka."

Sai dai mutumin ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ko yana cikin sha'awa lissafi yake yi. Kafin gari ya waye shi da kansa ya warware abin da ya ƙulla. Gidan Bature ɗakuna ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, bango ɗaya ya raba wannan da wancan, bututu ya huda ya wuce. Gidan Bahaushe ɗakuna ne a warwatse, tsakar gida a tsakani, ga turken awaki, ga rijiya, ga rumbu. Daga ɗakin tsohuwa zuwa na amarya taki ashirin ne a fili, iskar da ta fito da ɗumi za ta isa can ta riga ta zama 'yar uwar jaura. Sa'an nan murhun ba ya motsi sai da lantarki, in aka ɗauke wuta murɗaɗɗen ƙarfe ya tsaya, fanka ta tsaya. A tada janareta duk dare da fetur na bayan janye tallafi domin a ƙona dusar katako, wannan ko mahaukaci ya san an yi asara. Dusar kanta babu mai matse ta a kusa. Yaron ya ce ana iya matse karan gero da ɓawon gyaɗa, gaskiya ne kuwa, amma wanda ya ce kara shara ne a Araba bai taɓa ganin rani ba. Kara shi ne darni, shi ne rufin rumfa, shi ne abincin shanu a watan Mayu, tokarsa ma tana da aiki a tukunya. Turawan da kansu, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, sun ga kuɗin buhun ya ninka a hunturu ɗaya.

Akwai kuma abin da masu sayar da irin murhun nan ke faɗa wa masu saye, wanda yaron ya karanto ya fassara: murhun da ya fi ƙarfin gida ba alheri ba ne. Yakan cika ɗaki da zafi nan da nan, ya mutu, ya sake kamawa, ko ya yini yana ci a ƙasa-ƙasa, gilashi ya yi baƙi, bututu ya toshe da kunkunniya. Uban ya yi dariya ya ce ai wannan ko matan Ƙwanni sun sani. Yana nufin murhun ƙarfen nan da ake kira Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a Nijar tun tsakiyar shekarun 1980 domin rage cin itace, maƙera na ƙera shi da tsohon ƙarfe, kowane murhu da lambar tukunyarsa. In aka ɗora ƙaramar tukunya a kan babban murhu wuta ta bi gefe ta tafi, an yi ba a yi ba. Uwargida tana da guda biyu, tana kuma yabonsu, sai dai ta lura da wani abu da masu kawo shi ba su faɗa ba. Murhun duwatsu uku da ake zargi da ɓarnar zafi, ɓarnar nan ita ce yara ke kewayewa da safe suna kara hannu. Mai Sauƙi ya tattara zafi ya ba tukunya, ya bar yara da rawar ɗari. Kowane gyara da abin da yake ɗauka.

An taɓo zancen gawayin ƙasa na Nijar ma. Kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙo kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, yawancinsa domin lantarkin ma'adinan yuraniyom na Arlit, ana kuma gasa wani kaso a sayar wa gidaje a madadin itace. Yana daɗewa yana ci, wannan gaskiya ne, amma daɗewar nan a rufaffen ɗaki ita ce abin tsoron, ga iyaka kuma a rufe. Aka bar shi.

Duk wannan shawara a zaure ake yin ta, tsohuwa na ji ta taga. Da ɗan nata ya shigo sallama, ta ce, "Alhaji, ku bar wahal da kanku. Gadona da kuka fasa, da garwashin tuwon dare yake kai ni asuba."

Gadon ƙasa, ga wanda ya tashi a birni bai gan shi ba, dakali ne da ake ginawa a jikin bango, a bar kogo a ƙarƙashinsa da ɗan baki a gefe. Da dare a tura garwashi ko rushi cikin kogon, ƙasa ta sha zafi a hankali, ta riƙa mayar da shi ga bayan mai kwanciya har gari ya waye. Ba ya ɗumama iskar ɗaki, mutum yake ɗumamawa, shi ya sa ɗan abin da ya rage a murhu ke isarsa. Yaron ya ce ai mutanen arewacin Sin suna da irinsa, suna ce masa kang, Koriyawa kuma suna da ondol, inda hayaƙin madafa ke bi ta ƙarƙashin daɓe ya fita ta bututu a ɗaya gefen. Ya ƙara da cewa a shekarun 1960 da 1970, da Koriyawa suka koma ƙona curin kwal a ciki, mutane da yawa sun mutu saboda gubar da ke tsiyayowa ta tsagar daɓe. Saboda haka ya kafe a kan abu biyu: bakin gadon ya kasance a waje, a kuma yi wa hayaƙi hanyar fita.

Neman magini ya ci mako biyu. Samarin magina duka bulo suka iya, wani ma ya tambaya ko za a nuna masa hoto. Daga ƙarshe aka samo wani dattijo daga wajen Kalmalo, wanda ya ce rabonsa da gina gado tun zamanin Shagari. Ya zo ya duba ɗaki, ya ƙwanƙwasa bango, ya kaɗa kai. Da aka gaya masa a waje ake son bakin, ya ce shi tun da ya tashi bai ga an yi wa gado baki a bayan ɗaki ba, tsohuwa za ta fita cikin jaura ta iza wuta ne? Yaron ya ce, "Baba, jikoki ne za su iza, ita tana kwance." Dattijon ya ce to gyaran wuta da dare fa, in ta ji ya yi yawa? Aka yi ta ja har la'asar. Abin da ya raba gardama kuwa shi maginin ne da kansa, da ya ce in dai ƙasar ta yi kauri yadda ya kamata ba ta yin yawa, ba ta yin kaɗan, kuma shi ya san kaurin.

Aka fasa bulo biyu a gindin bangon gabas, aka kwaɓa jar ƙasa da ramno aka bar ta ta kwana uku tana ruɓa, ya gina kogon da tubali, ya rufe da faffaɗan dutse, ya yaɓe, ya sake yaɓewa, ya daɓe saman har ya yi sulɓi. A ɗaya ƙarshen aka saka guntun bututun ƙarfe ya haura bango. Kafin a bar tsohuwa ta hau, sai da aka cika kogon da ɗanyen ganyen dogon yaro aka kunna, aka rufe ɗaki, yaron ya shiga da tocila yana bin gadon taki-taki yana neman inda hayaƙi ke fita. Ya sami wuri biyu, aka toshe. Alhaji ya sa aka yi rufin zana a ƙarƙashin kwanon, ya kuma hana a toshe 'yar kafar da ke saman ƙofa ko da jaura ta kai jaura. Kuɗin aikin duka, har da goron magini, bai kai na buhun albasa uku ba. Gadon ƙarfe da katifa aka kai ɗakin samari.

Amarya ta haihu a ƙarshen Fabrairu, surukar ta ce a kawo ta ta yi jegonta a kan gadon kamar yadda aka yi wa iyaye. Nan ma sai da aka yi magana. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da gashin gado da wankan jego da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya fi karkata ga talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki, amma ma'aikaciyar asibitin da ta duba ta ta ce hawan jininta bai sauka ba, a raba ta da kanwa da zafi mai yawa. Tsohuwa ta yi fushin kwana biyu, ta haƙura.

Hunturun da ya biyo baya, bayan Nijeriya ta buɗe nata gefen iyakar a watan Maris na 2024, tarin tsohuwa ya ragu, ko da yake bai tafi ba. Abin da ba a yi lissafi da shi ba shi ne yara. Ƙananan ɗakunan biyu, su bakwai, suka ƙaura da tabarminsu zuwa gindin gadon kakarsu, har ana faɗan wanda zai jingina da jikin ginin, tatsuniyar da talabijin ta kora ta dawo. Uwargida ta ce ita ma a gina mata, amarya ta ce in an gina wa yaya ita ma ba za a bar ta ba. Alhaji ya aika Kalmalo, dattijon ya aiko cewa idonsa ya yi rauni, amma in za a ba shi yaro mai haƙuri ya zauna ya riƙa nuna masa da sanda, zai zo bayan an gama sussukar gero. Ana nan ana neman yaron.